Kwat ɗin Lauya

Hangar ce kaɗai ta rage, tana rataye tsirara a jikin bututun ƙarfen. Ledar da Auta ta lulluɓe kwat ɗin da ita jiya tana yashe a ƙasa, an farke ta daga sama har ƙasa, irin farkewar mai sauri. Auta ta dire bokitin da ke hannunta, ta shiga ture kayan da ke rataye: rigunan makarantar 'ya'yan maƙwabta, labulen mai kantin bakin titi, zanin gadon wata malamar asibiti. Ta duba bayan ƙofa, ta leƙa ƙarƙashin teburin guga, har cikin injin wanki sai da ta zura kai, alhali ta san kwat ba ya tafiya da ƙafarsa. Babu riga, babu wando.

Ba kwat ɗin kowa ba ne, na Lauya ne. Tun da otal ɗin da ta yi shekaru tana aiki a ɗakin wankinsa ya rufe, ta tattara ɗan abin da aka sallame ta da shi ta sayi injin wanki na hannu da dutsen guga mai tururi ta kafa a ɗakin marigayi Baba, ba ta taɓa samun mai kawo kaya irinsa ba. Sai tarkacen unguwa, masu kawo riga biyu su zauna suna ciniki kamar gida za su saya. Lauya ya san hannunta tun a otal, shi ya nemo ta da kansa. Ya miƙo mata kwat ɗin, ruwan toka mai haske, ya ce a ƙasar waje aka ɗinka masa, ba ya sa shi sai ranar babbar shari'a, kuma gobe yana da ita. Yau da yamma zai zo ya karɓa. In aikin ya yi masa, duk lauyoyin ofishinsu nan za su riƙa kawo kayansu.

Da hannunta ta kulle ɗakin jiya. Mutum ɗaya ne kawai yake da wani makullin: Yaya, babban wanta.

Ta iske matar Yaya a falo, ta ɗora ƙafa a kan kujera tana kankare farce.

"Anti, wa ya shiga ɗakin Baba?"

"Ɗakin Baba ko kamfani?" Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ai na ɗauka yanzu sai da takardar izini ake shiga."

"Kwat ɗin mutane ne babu."

"Au, mai ruwan tokar nan? Yayanki ne ya sa ya tafi ofis. Wallahi ya yi masa kyau, har na ce ya tsaya in ɗauke shi hoto."

"Kayan mutane ne fa, Anti! Amana aka ba ni!"

"To shi ba mutum ba ne? Gidan ubansa ne. Kin cika mana gida da warin sabulu, kullum baƙi na buga mana ƙofa, injinki na gurnani mutum ba ya iya barcin rana, duk ya haƙura. Don ya ari riga ta rabin yini shi ne za ki tara mana jama'a?" Ta hure farcenta. "Hajiya manaja."

A gidan nan haka aka taso. Duk abin da ke rataye a ƙusa na wanda ya riga tashi ne, kuma Yaya ne kullum ke riga tashi. Takalmin Baba, hular kawu, har agogon da aka saya wa Auta ranar da ta gama makaranta, duk sun zaga gari a jikinsa. Inna tana raye cewa take a bar shi, babba ne. Ya girma har ya yi furfura ba wanda ya taɓa ce masa ajiye. Shi ne kuma, da Auta ta sa aka rubuto mata allon sana'a mai ɗauke da hoton dutsen guga, ya tare ƙofa ya rantse ba za a kafa shi ba. Yana mataimakin manaja a kamfanin inshora, abokan aikinsa su zo su ga allon wanki a ƙofar gidansa? Allon yana nan bayan ƙofar ɗakin Baba, ya juya wa duniya baya.

Ta kira wayarsa, a kashe. Ta yafa mayafi, ta naɗe sabuwar leda a jaka, ta fizgi hangar ta fita.

Bas ɗin a cike yake maƙil. Auta ta samu ta raɓa a bakin kujera kusa da wata mai kwandon kaji, ta riƙe hangar a ƙirji.

"Hajiya, hangar ma za ta biya kuɗin kujera ne?" in ji kwandasta.

Aka yi dariya. Ta watsa masa hararar da ta sa ya koma kiran fasinja. Duk hanyar ba abin da take gani sai kwat ɗin: yanzu ya zauna a kan wata kujera mai maiƙo, yanzu ya ɗiga masa shayi, yanzu ya cusa makullai a aljihu sun buɗa bakinsa. Ta shirya maganganun da za ta gaya masa a gaban abokan aikin nan nasa da yake tsoro, ta jera su, ta wasa su.

A ƙofar kamfanin inshorar, maigadi ya tare ta. Dattijo ne mai fara'a, yana sauraron rediyo. Da ta faɗi wanda take nema, sai ya rage muryar rediyon.

"Mataimakin manaja? 'Yata, ai tun kafin damina aka rage su. Ke wace ce tasa?"

"Ƙanwarsa."

"Subhanallahi." Ya dafe baki. "Ni da bakin nan nawa. Ashe gida ba a sani ba."

"Baba, ina zan same shi?"

Ya ga dai ruwan ya riga ya zube. "Ɗazu ya biyo ya karɓi takardar shaidar aiki. Ya sha kwat, sai ƙamshi yake, har ban gane shi ba. Ya ce ana ɗaukar ma'aikata a dogon ginin nan mai gilashi, bayan babbar kasuwa, can zai je a gana da shi. Don Allah kada ki ce ni na faɗa."

Tun kafin damina. Auta ta tsaya a bakin titi tana maimaita maganar. Wato duk safiyar da yake fita da jaka yana goge takalmi a ƙofar ɗakinta, yana ce mata a gidansu ba a gaji wanki ba, ba shi da inda za shi. Wato wata da watanni ɗan cefanen da take sakawa a kicin ana karɓa ana yatsina fuska, shi ne ke riƙe da tukunyar. Tausayi ya so ya taso mata, ta danne shi da ƙarfi. Ba tausayi ta fito nema ba, kwat ta fito nema.

A hawa na sama na dogon ginin ta samu masu neman aikin. Dogon baranda ne mai kujerun roba a jere, na'urar sanyaya wuri ta mutu, samari sun cika shi, kowa da fayil a cinya. Wasunsu Yaya ya haife su. Yana can ƙarshen layi ya ba ta baya, ya sunkuya yana karanta takardarsa. Tun daga nesa ta gane kafaɗun kwat ɗin, don ita ta tayar da su da tururi. Sai da ta matso ta ga kansa. Baƙi wuluk, babu furfura ko ɗaya, yana sheƙi. Jiya da furfurarsa ya kwana.

Sannan ta ga wuyan. Zufa ta kwaso rinin gashin daga ƙeyarsa, ta ratsa wuyan farar rigarsa ta ciki, ta sauka a kan wuyan kwat ɗin. Baƙin layi ya kwanta a kan ruwan tokar, yana ci yana faɗaɗa a hankali.

Ta san tawada, ta san maiƙo, ta san jini. Rinin gashi kuwa an yi shi ne don kada ya fita.

Ta zagayo ta tsaya a gabansa.

"Tuɓe."

Ya ɗago. Takardar ta kusa suɓuce masa. "Auta? Me kike… wa ya gaya miki…"

"Na ce tuɓe min kayan mutane."

"Ki rage murya." Ya waiga, samarin sun fara kallo. "Don Allah, Auta, ki rage murya."

Tun da take ba ta taɓa jin don Allah daga bakinsa zuwa gare ta ba. Bai sanyaya mata zuciya ba, sai ma ƙara tunzura ta da ya yi.

"Ina naka kwat ɗin?"

"Ya ƙoɗe a gwiwar hannu. Na ce kafin azahar na mayar, ba ma za ki sani ba."

"Ba zan sani ba? Ka san abin da ka yi kuwa? Taɓa wuyanka."

Ya kai hannu ƙeya, ya dawo da shi. Yatsunsa baƙi. Ya daɗe yana kallonsu.

"Mai askin ya ce ba ya zuba," ya ce da ƙyar.

"Mai shi zai zo da yamma. Shi ke nan mutumin kirkin da na samu tun da na fara, shi ke nan, Yaya. Ka hana ni kafa allo, ka hana ni sakat, ɗan wanda Allah ya kawo min kuma ka bi dare ka…" Ta nuna shi da hangar. "Anti ta san an sallame ka?"

Ya girgiza kai. "Ki rufa min asiri. In ta ji, gidan nan ba zai zaunu ba."

"Ni wa ya rufa min?"

Ƙofar ofishin ta buɗe, wata budurwa mai riƙe da takarda ta leƙo. Ta dubi baƙin gashin, ta dubi fuskar da ke ƙarƙashinsa.

"Baba, kai ne na gaba."

Wani daga cikin samarin ya ƙunshe dariya. Yaya ya miƙe, ya tsaya tsakanin ƙofar da ƙanwarsa, ya kai hannu kan maɓallin kwat ɗin bai ɓalle ba, yana jiran hukuncinta. Auta ta dubi hangar da ke hannunta. Ko ta tuɓe shi yanzu, ɓarnar ta riga ta auku, ba abin da za ta ceto sai fushinta. Ta yi tsaki, ta zaro hankici, ta damƙi kafaɗarsa ta juya shi kamar yaron da za a kai makaranta. Ta goge masa ƙeya da ƙarfi har ya yi ƙara, ta cusa hankicin tsakanin wuyansa da rigar, ta ja hannun kwat ɗin ta daidaita.

"Shiga. Kada ka jingina da kujera, kada ka ɗaga hannu. In za ka fito, kada ka juya musu ƙeya."

Bai daɗe ba ya fito, da baya-baya, yana ta sunkuyar da kai yana godiya.

"Sun ce za su kira," ya ce.

Shi ma ya san kiran da ake nufi. A kan matakala ta sa ya cire rigar kwat ɗin, ta rataya a hanga ta lulluɓe da leda, ya rage daga shi sai farar riga mai baƙin wuya. Wandon dole ya kai shi gida a jikinsa. A cikin bas kujera ta samu kusa da ita, ya yunƙura zai zauna.

"Tsaye za ka yi," ta ce. "Wandon ba naka ba ne."

Haka ya riƙe ƙarfe har unguwarsu, babban mutum, bas na jijjiga shi, kwandasta na ce masa Alhaji ga wuri yana cewa ya gode.

"Yau da wuri haka?" in ji matarsa da suka shigo.

"Kaina ke ciwo," ya ce, ya shige ɗaki. Can sai ga wandon an miƙo ta bayan labule.

Auta ta rufe kanta a ɗakin Baba. Ta shimfiɗa wuyan kwat ɗin a kan farin tawul, ta jiƙa auduga da sifirit ta shiga dannawa, ba ta gogawa, don kada ya bazu. Audugar ta yi baƙi, ta canja wata. Ta gwada sabulun ruwa, ta gwada ruwan tsami, ta gwada ɗan maganin da ta ɓoye tun daga otal wanda ba ta taɓa buɗewa ba. Baƙin ya koma ruwan ƙasa, ruwan ƙasan ya koma wani ja-ja mai duhu, daga nan ya kafe. Da ta ƙara matsawa sai ta ga yadin ya fara tashin gashi yana neman ƙoɗewa. Ta ajiye audugar. Tabon ya kai tsawon yatsa, yana kwance daidai inda duk wanda ya zauna bayan Lauya a kotu zai yini yana kallo. Ta goge sauran kwat ɗin duk da haka, ta fitar da karin wandon tsaf, hawaye na ɗiga tana kau da kai don kada su sauka a kan yadin.

Rana ta yi sanyi aka yi hon a ƙofar gida. Lauya ya shigo har tsakar gida da sallama, yana kaɗa makullin mota. Yaya na zaune a kan tabarma ya dasa hula har kunne, matarsa na gefe tana tsince shinkafa. Auta ta fito da kwat ɗin. Da ta bar shi a leda, da wuya ya lura sai gobe da safe. Ta yaye ledar da kanta, ta juya masa wuyan.

"Yallaɓai, ka gani."

Fara'arsa ta ɗauke. Ya karɓa ya kai wajen haske. "Mene ne wannan?"

"Rini ne. Na yi iya yina, bai fita ba."

"Rini." Ya kai wuyan kusa da hanci, ya shinshina, ya ɗago a hankali. Aikinsa ke nan, gane abin da ba a faɗa ba. "Wani ya sa kwat ɗin nan?"

Hannun matar Yaya ya tsaya a cikin faranti. Auta ta dubi yayanta. Ya ƙura wa wayarsa ido, wayar da ta san a kashe take. Maganar tana kan harshenta, a wase tun safe: ga wanda ya sa nan, ya je neman aiki ne, don an kore shi tun kafin damina, cire hular ka gani. Ta jira ko zai buɗe baki. Bai ko motsa ba.

"A hannuna ka ba da shi, yallaɓai," ta ce. "A hannuna ya lalace."

Lauya bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya dubi igiyar shanya, ya dubi mutanen da ke zaune, ya dubi ƙofar ɗakin.

"A otal kayana a bayan ƙofa mai makulli suke kwana," ya ce. "Laifina ne da na kawo su gida. Gida gida ne." Ya saɓa kwat ɗin a hannu ya fita, ko ledar bai karɓa ba.

Ƙarar motar ba ta gama ɓacewa ba matar Yaya ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

"Ikon Allah. Daga sa riga ta rabin yini sai ta lalace? Da ma can ba a iya wankin ba, sai cika baki. Ni dai a kwashe mana tarkacen nan, yara su samu ɗakin karatu."

Auta ta koma ɗakin ta zauna a kan bokiti, a ƙarƙashin rigunan makarantar 'ya'yan maƙwabta. A wannan lokacin ta tsani yayanta, tsana ta gaske, irin wadda ba ta taɓa yi wa bare ba. Ta zauna har numfashinta ya daidaita. Sannan ta tashi ta jawo allon daga bayan ƙofa, ta kaɗe masa ƙura da gefen mayafinta. Ta buɗe akwatin kayan aikin Baba ta ɗauki guduma da ƙusoshi, ta ratsa tsakar gidan ba ta dubi kowa ba.

"Ina kuma za a kai wannan?" in ji matar Yaya. Ta ji ƙarar jan benci a ƙofar gida. "Baban yara! Kana gani fa! Ba kai ka rantse ba za a kafa shi ba? Tashi mana!"

Ya taso, ya fito yana jan takalmi, matar na biye da shi har bakin ƙofa da farantinta. Auta na tsaye a kan benci, ta danna allon a jikin bango da hannu ɗaya, ƙusa a bakinta. Ta cire ƙusar, ta dube shi daga sama.

"Kana da magana ne, Yaya?" ta ce a hankali. "Ko sai gobe, in ka dawo daga ofis?"

Ya tsaya. Wani siririn baƙin layi ya gangaro daga ƙarƙashin hular ta bayan kunnensa, ya sa yatsa ya share da sauri.

"Ka yi magana mana!" in ji matarsa.

Ya matso, ya ɗaga kai ya dubi allon da hoton dutsen gugarsa. Ya sa hannu biyu ya tallafi gindinsa.

"Ya karkace," ya ce. "Ɗaga ta hagu kaɗan."

Ta ɗaga. Ta saita ƙusar.

"Riƙe da kyau. In mun gama ka ba ni makullin ɗakin."

Ta buga.